Makokin Mai Ganga

Da Bang Du-man, jagoran mawaƙan Tsawa, ya kaɗa jitarsa, sai da kujerun babban zauren birnin Uijeongbu suka girgiza, tsofaffi dubu biyu suka kaure da ihu kamar an tashi 'yan firamare. Ƙarfe uku na rana aka sa wasan, don masoyan ƙungiyar Tsawa yanzu ba mai jure zaman dare. Rabinsu da sanda suka zo, sauran da maganin hawan jini a jaka. Umma na gefena, ta ja hula har gira, ta rufe baki da takunkumi, sai ka ce wadda ta zo sata.

"Wannan mai gangar wa ke korar sa?" ta raɗa mini. "Ji yadda yake gudu."

"Umma, don Allah ki yi shiru, za a ji ki."

Sunanta Pyo Mal-sun, shekararta saba'in. Ni da ta haifa, sai da na kai arba'in kafin na san ita ce ta fara buga wa Tsawa ganga, tana 'yar ashirin, a gidajen rawar da ke bakin sansanin sojan Amurka. A zamanin, duk macen da aka ga tana shiga unguwar nan suna ɗaya ake ba ta, ko ganga take bugawa ko wanke-wanke take yi. Da aure ya zo, dangin Baba suka ce a binne zancen, ta kuwa binne. Kakarmu ta shekara talatin tana yabon yadda surukarta ke bugun tufafi da sanduna biyu, wai duk unguwa ba hannu mai daɗin sauti kamar nata. Baiwar Allah har ta koma ba ta san dalili ba.

* * *

Mako uku kafin wasan, masu shirya bikin cikar Tsawa shekara hamsin suka kira yayana Tae-sik suna cigiyar Umma. Ranar ya zo gidanmu ko takalmi bai gama cirewa ba ya fara faɗa.

"Ba inda za ta! Saura wata biyu bikin Su-bin, uban angon kuma shugaban makaranta ne. A talabijin fa za a nuna abin nan. So kike su ji cewa kakar amarya a bakin sansani ta yi ƙuruciya?"

"Ganga ta buga, Yaya."

"Ke za ki bi mutane gida-gida kina yi musu bayani? Ni dai na sallame su, magana ta ƙare."

Umma na zaune tana ɓare tafarnuwa, ba ta ɗago ba. Su-bin 'yar Yaya ce, jikarta ta fari, a bayanta ta girma. Sai da ya tafi ta ce, "Gyeong-ae, saya mana tikiti biyu, can baya. Kallo kawai zan yi."

* * *

In faɗi gaskiya, muryar Du-man ta tsufa. Inda a da yake hayewa sama, yanzu sai ya miƙa wa jama'a abin magana su ƙarasa masa. Mai jita mai kaurin amo, Ok Sang-cheol, a kan kujera yake kiɗa saboda gwiwa. Amma waƙoƙin ba su tsufa ba. A da an aske musu gashi a ofishin 'yan sanda, an hana rediyo sa faifansu, ga shi yau duk yaron da ya rataya jita a ƙasar nan da waƙarsu yake fara koyo. Na ga wani dattijo mai kwat yana kuka, matarsa na goge masa fuska tana yi masa tsiya.

Can aka rage fitilu. Du-man ya ce za a tuna da waɗanda suka riga mu. Hoto na farko ya bayyana a babban allo, sai na biyu. Na ukun wata yarinya ce mai gajeren gashi, ta gicciya sanduna a ƙirji tana dariya, an zagaye hoton da baƙin ƙyalle, a ƙasansa an jingine fararen furannin makoki.

"Yayarmu Mal-sun," in ji Du-man. "Ɗanta ya sanar da mu ta rasu bara. Ita ta koya mana yadda ake riƙe kiɗa. Da aka rufe mata baki ba wanda ya tanka a cikinmu, kunyar nan da ita za mu mutu. Mu tashi mu yi mata shiru na minti ɗaya."

Ashe sallamar da Yaya ya yi musu ke nan! Mutum dubu biyu suka miƙe suka sunkuyar da kai, Umma ma ta miƙe tare da su. Na ga hannunta ya nufi takunkumi, na tuna Su-bin, na riƙe mata hannun riga. Har gobe ina jin kunyar riƙon nan. Ta zame hannunta a hankali, ta cire takunkumi da hula, ta cika ƙirji da iska.

"Ɗaya! Biyu! Ɗaya, biyu, uku, huɗu!"

Kafin Sang-cheol ya san me ake ciki, yatsunsa sun faɗa kiɗa da kansu. Du-man ya yi tsaye baki buɗe yana leƙen duhu.

"Yaya? Yaya, ke ce?"

"Kai Du-man! Shekara hamsin, har yanzu sai ka makara kake shiga waƙa?"

Zauren ya yamutse, masu dariya na yi, masu kuka na yi. Aka buɗa mata hanya har dandamali, saurayin mai ganga ya miƙa mata sanduna da hannu biyu yana rusunawa. Waƙa ɗaya ta buga. Yatsunta sun kumbura da sanyin ƙashi, sau ɗaya ma sanda ta suɓuce mata, amma kiɗan ya zauna daram, tsofaffin nan suka bi ta kamar ba a taɓa rabuwa ba. Ni kuwa na hau kujera ina ihu, "Uwata ce! Wallahi uwata ce!" har muryata ta dishe.

* * *

Rana na gab da faɗuwa muka shiga jirgin ƙasa. Umma na rungume da fararen furannin, don Du-man ya rasa abin da zai ba ta sai su. Wayata ta yi ƙara, saƙon Yaya ne, layi ɗaya: "Tunda ta zaɓa, kada ta zo bikin." Na kife wayar a cinya. Umma ta kalle ni, ba ta tambaya ba.

Wata mata da ta ga furannin ta tashi ta ba ta kujera.

"Sannu da haƙuri, Kaka. Wa aka rasa?"

Umma ta zauna, ta daɗe tana gyara ganyen da ya lanƙwashe.

"Ɗana ne ya rasa uwa," ta ce.