Muryar da Mas'udu Ya Ɗora wa Mahadi

Ni dai ban taɓa son sana'ar Mahadi ba, kuma ban ɓoye masa ba. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar garinmu Nahuce da sunan zai je Brazil buga ƙwallo, ƙwallo ta ƙi shi, sai muka ji wai ya shiga fim. Da farko ɗan aike yake fitowa, ya miƙa kaya ya wuce. Daga nan direban tasi. Daga nan kuma masu shirya finafinai kan 'yan daudun can da mazan da suka koma rayuwar mata suka riƙe shi gam, har suka ba shi babban matsayi a wani fim: mai gyaran gashi, da jan baki da doguwar riga. Ran da ya gaya mini a waya cewa na yi, "Allah ya shirye ka," na kashe. Ko wasa ne kawai, ko har cikin ransa haka yake, ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Abu guda ya roƙe ni. Yana son ya zo babbar Salla ya ga Inna, don ƙafafunta sun fara kumbura, rabonsa da ita kuma an daɗe. Na ce zan lallaɓa ta.

Kafin in buɗe baki Mas'udu ya riga ni. Mas'udu abokin Mahadi ne na ƙuruciya, a tukunyar Inna ya girma, yanzu yana da shagon fassara finafinai a Tudun Wada cikin Gusau. Fassara fa! Mutumin da ko gaisuwa bai iya da yaren Brazil ba. Aikinsa shi ne ya kashe sautin fim gaba ɗaya, ya ƙura wa leɓɓan 'yan wasa ido, ya ƙirƙiro duk abin da zai sa matasa su faɗi ƙasa don dariya. Da fim ɗin Mahadi ya faɗo hannunsa, ɗan banzan nan bai ko nemi jin abin da ke ciki ba.

Akwai wurin da Mahadi yake zaune gaban madubi, hawaye na zuba, bakinsa na motsi. Nan Mas'udu ya maƙe murya ya sa masa: "Ni da Nahuce har abada. Tsohuwar can ma ta ci kanta."

Masu tura fim a waya suka yi ta rabawa. Daga tashar Gusau har Tsafe ba zancen da ake sai shi. Matasan garinmu suka rantse ran da Mahadi ya sako ƙafa sai dai uwarsa ta haifi wani. Kawu Sama'ila, ƙanen Babanmu, da kansa ya kawo wa Inna wayar, yana huci.

"Ki gani da idonki, ki ji da kunnenki abin da kika haifa!"

Inna ta kalla, ta kau da kai. Ta ce a maimaita. Sannan ta ce, "Fuskar tashi ta. Amma wagga ba muryar ɗana ba ta."

Kawu ya yi tsaki ya fice. Ni kuwa na yafa mayafi na hau mota sai Gusau.

Na tarar da Mas'udu da abin sauraro a kunne yana ɓata wa wani bawan Allah suna. Na fizge abin daga kunnensa.

"Haba Yaya Bara'atu, sana'a ce fa."

"Sana'ar uwaka! Me Mahadi ya faɗa a wurin madubin?"

"To ni ina zan sani? Ban kunna sautin ba."

Wallahi da ba don mutane ba da na shaƙe shi. Na tsaya a kansa har ya tura mini na asalin. A bakin shagon na kunna, na kai wurin madubin. Ba yaren Brazil ba ne. Hausa ce, Hausarmu ta gida. Waƙar da Inna ke yi in tana niƙa, wadda ta tsara da kanta tana ambaton sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, ita Mahadi yake rerawa yana kuka. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na rasa wanne ya fi yawa.

Da na kai wa Inna, tana ganin jan bakin ta ce, "Kife ta." Na kife wayar a kan tabarma. Ta saurara har ƙarshe, leɓɓanta na bin waƙar. Ta sa na sake, na kuma sakewa.

Na ce, "Inna, bari in kai wa Kawu ya ji, in kai wa matasan nan."

"Sun riga sun ji wadda suke so."

"To Sallar fa? Jiran amsarki yake."

Ta daɗe tana murza ƙafarta mai kumburi.

"Ki ce mishi na ji shi, kuma na sa mishi albarka. Ki ce kada shi zo. Ko an ce mishi na rasu, kada shi zo."