Yadda Baba Leonard Ya Shiga Zumuntar Mata

Baba Leonard ya yi suna tun ba a haife ni ba, don haka abin da na sani game da sunan nasa a bakin manya na ji shi. Sun ce a zamanin da jirgin ƙasa ke cika tashar Kafanchan da mutane, babu shagon da za ka wuce ba ka ji muryarsa ba. Leonard Mai Jirgi ake ce masa. Yana da jar gita, da wando mai faɗin ƙafa, da waƙa ɗaya da ta kai shi har Legas, aka buga hotonsa a kalanda. Waƙar a kan wata Regina ce, wadda ya je tarya a tasha ba ta zo ba. Babu wanda ya taɓa ganin Reginar nan, abin da kuwa ya yi daidai da waƙar.

Daga baya jirgi ya rage zuwa, kaset ma ya rage tafiya. Ya koma yin waƙar tallar taki a rediyo. Ya yi wa wani ɗan takara waƙa, mutumin ya faɗi. Ya yi wa abokin hamayyarsa a zaɓe na gaba, shi ma ya faɗi. Daga nan 'yan siyasa suka riƙa gaishe shi daga nesa.

Sai wata shekara aka yi taron farkawa a cocinmu, ya fito gaban jama'a ya tuba. Ya kawo kaset-kaset ɗinsa cikin buhu biyu aka ƙone a bayan coci, ya yi alkawari ba zai ƙara rera waƙar duniya ba. Gitar ya ba wani ɗalibin kwalejin garin Gidan Waya. Ya koma noman citta da kiwon aladu, kuma mu a haka muka taso muka gan shi: tsoho mai takalmin roba, yana zama a bencin ƙarshe kusa da taga, ba ya cikin kowace ƙungiya.

Abin ya fara ne ranar da aka binne Asher a Zonkwa. Asher shi ne mai gangarsa tun suna samari. Baba Leonard ya dawo daga jana'izar ya zauna a gindin mangwaron ƙofar gidansa bai cire hula ba. Maƙwabta suka zo yi masa gaisuwa.

"Minti ashirin," in ji shi. "Na duba agogo."

Aka ce masa Allah ya ba da haƙuri.

"Fasto ya yi addu'a, aka sa ƙasa, aka raba ruwan leda. Mutumin da ya sa rabin Zonkwa rawa. Ko tafi ba a yi ba."

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce to mene ne. A wajenmu, in ka mutu, ƙungiyarka ta coci ce ke zuwa da yunifom ta raka ka da waƙa tun daga gida har bakin kabari. In kana kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, 'yan kwaya. In mace ce, Zumuntar Mata su zo da tulun kiɗa da kuge, a ji su tun daga titi. In ba ka da ƙungiya, ba wanda zai ƙi binne ka, amma shiru za a yi. Asher ba shi da ƙungiya. Baba Leonard ma haka, kuma yana da shekara saba'in da huɗu da hawan jini.

Aka ba shi shawara ya shiga Zumuntar Maza. Ya ce ya gode. Mazan cocinmu suna da kirki, su ke haƙa kabari su jera kujeru, amma waƙarsu ɗaya ce, kuma ba su taɓa kai ta ƙarshe a tare ba. Ya ce in haka ne gara shirun.

Ranar Talata da yamma sai ga shi a wajen koyon waƙa na kwaya, ya sa riga mai guga. Shugaban kwaya Malam Gregory ne, malamin firamare, ya yi karatun kiɗa a kwaleji, yana da sanda 'yar siririya da ba ya bari kowa ya taɓa. Mutum ne mai ladabi. Ya ba Baba kujera, ya ce doka ce duk mai son shiga sai an gwada muryarsa, ko da fasto ne.

"Gwada," in ji Baba.

"Za mu ɗauki mai sauƙi, Baba, wadda kowa ya sani. 'Mai Ceto ya iso.'"

Wannan waƙa babu yaron da bai iya ta ba a ƙasarmu. Ana yin ta wajen baiko, ana yin ta a aure, ana yin ta a jana'iza. Mai Ceto ya iso, kai ba ka shirya ba. Malam Gregory ya ɗaga sanda, mai piyano ya fara, Baba Leonard ya buɗe baki.

Muryar tana nan. 'Yan matan layin gaba suka daina taɓa waya. Ya rera "Mai Ceto ya iso", sai ya tsaya. Ya yi shiru, ya juya kai hagu kamar mai duba wani a cikin taro. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sannan ya ce "kai ba ka shirya ba." Kafin nan mai piyano ya riga ya kai baiti na biyu.

Malam Gregory ya sauke sanda. "Baba, ka makara da shiga. Mu sake."

Aka sake. Ya sake tsayawa a wurin.

"Baba, babu hutu a nan. A miƙe take."

"Akwai."

"Ga takarda, Baba." Ya nuna masa. A saman takardar an buga: tsohuwar waƙar gargajiya, ba a san mai ita ba.

Baba Leonard ya karanta ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yarona, ni na yi waƙar nan."

Malam Gregory ya yi murmushi mai kyau. "Haka ne, Baba. Kowa ji yake tasa ce. Shi ne daɗinta."

Aka gwada sau biyar. A na biyar Baba ya yi ƙoƙari ƙwarai, har gumi ya fito masa, ya rage shirun zuwa uku. Malam Gregory ya ce muryar tana da kyau amma kunnen ya tsufa, ya je ya riƙa sauraron Zumuntar Mata ranar Lahadi, su suka fi kowa iya ta, ya dawo bayan Kirsimeti. Baba ya yi godiya, ya mayar da kujerar inda ya ɗauko ta, ya fita.

Labari ba ya kwana a Kafanchan. Washegari Mama Hulda, shugabar Zumuntar Mata, ta same shi yana zuba wa aladu dusa. Tsohuwar nas ce, ta kusa kai shekarunsa, kuma ba ta sallama sau biyu.

"Leonard, an ce ka faɗi jarrabawa."

"An faɗa miki daidai."

"A waƙarka."

Ya ajiye bokiti. Shekara talatin ke nan babu wanda ya ce masa haka.

"Kin sani ashe."

"Yaya ba zan sani ba? Ni na sata." Ta ja turmi ta zauna a kai. "Ranar da ka ƙone kaset ina wurin. Ka yi kuka, mu ma muka yi kuka, amma kukanmu daban da naka. Da waƙar nan aka yi aurena. Na koma gida na ce wannan murya ba za ta tafi wuta ba, ita ba ta yi zunubi ba. Na cire Regina na sa Mai Ceto. Lahadi ta uku muka rera ta, kana zaune a bayan can, ka sunkuyar da kai."

"Na ɗauka gwaji ne daga Shaiɗan."

"Daga ni ne."

Wani alade ya ture bokitin, babu wanda ya kula shi.

"To shirun fa?" in ji Baba. "Me ya yi miki? A nan ne mutum ke duba ko ta sauko daga jirgi. In babu shi, ai ba jira ba ne, sanarwa ce."

"Leonard, mata arba'in ne. Ka taɓa ganin mata arba'in sun yi shiru tare har a ƙirga huɗu? Na gwada. Wata za ta yi tari, wata ta ce amin."

Ya ce wannan gaskiya ne.

Ta tambaye shi me ya kai shi kwaya da tsufansa. Ya gaya mata maganar Asher da minti ashirin. Ba ta yi dariya ba. Ta ce Mama Zipora mai buga musu tulu hannunta ya kumbura da sanyin ƙashi, wata biyu ke nan suna fama da wata yarinya da ke dukan tulun kamar ya zage ta.

"Ni namiji ne, Hulda."

"Tulu bai sani ba."

Maganar ta je gaban dattawan ikkilisiya. Suka zauna sau biyu. Aka duba dokokin zumunta daga farko har ƙarshe, ba a ga inda aka hana namiji shiga ba, domin babu wanda ya taɓa tunanin za a tambaya. Amma sakatare ya ce ba zai iya rubuta shi cikin jerin mata ba, hannunsa ba zai yarda ba. A ƙarshe aka sasanta, aka rubuta sunansa a shafin kayan kiɗa: tulu biyu, kuge ɗaya, Leonard.

Da aka gaya masa, tambaya ɗaya ya yi.

"Kayan kiɗa ana yi musu waƙa in sun mutu?"

Mama Hulda ta ce, "Ranar da tsohon tulunmu ya fashe, sai da muka yi masa baiti uku kafin a zubar."

Ya ce to ya shiga.

Aka ba shi zanen zumunta, tela ya ɗinka masa riga da shi. Ɗankwalin ya mayar musu. Duk Lahadi yana zaune a ƙasa gaban mata, tulu tsakanin gwiwoyinsa, soso a hannu yana buga bakin tulun. Samari suka sa masa suna Mama Leonard. Yana amsawa. Wani ɗan acaɓa ya taɓa ce masa, "Mama, ina maigida?" Ya ce, "Ya tafi tarya a tasha."

Matsala ɗaya ce ta rage. In aka zo "Mai Ceto ya iso", hannunsa yakan tsaya da kansa. Matan su wuce, tulun ya biyo su a baya. Mama Hulda ta harare shi, ya ce a yi haƙuri. Lahadi mai zuwa haka. Wasu matan suka fara jinkirtawa kaɗan don kada tsoho ya ji kunya, wasu suka ƙi, waƙar ta riƙa yin ɗingishi a wurin. Malam Gregory ya ce ai ya faɗa tun farko, kunne ne.

Shekara biyu da wata biyar ya yi yana buga tulu. Ya raka mata goma sha ɗaya kabari, har Kujama sun je da shi a bas. Duk jana'iza yakan duba agogo. Mafi gajarta awa biyu da rabi ce. Ya ce babu laifi.

Ya rasu wata ranar Alhamis da rana, bayan ya dawo daga kasuwar aladu. Gidan rediyo ya yi sanarwa, suka nemi waƙarsa su sa, ba su samu ko ɗaya ba, sai ta tallar taki. Ita suka sa.

Ranar jana'iza mata suka zo tun safe, ba na cocinmu kaɗai ba, har daga Zonkwa da Gidan Waya, duk da zanen zumunta. An sa masa rigarsa. Tulun aka ɗora a kan kujera kusa da akwati, Mama Hulda ta ce yau babu mai taɓa shi, da kuge kaɗai za a yi. Suka raka shi daga gida, suka bi ta gaban tsohuwar tasha ko da yake ba hanya ba ce, masu ɗauke da akwati suna ta canza kafaɗa.

A bakin kabari Mama Hulda ta ɗaga waƙar. Mata fiye da ɗari suka karɓa. Mai Ceto ya iso.

Suka tsaya.

Babu wadda ta yi tari. Babu wadda ta ce amin. Ana jin kukan wani tsuntsu daga gonar citta. Mama Hulda ta juya kai hagu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Kai ba ka shirya ba.

Haka suka yi a kowane baiti har ƙarshe. Daga baya na tambayi mahaifiyata, wadda ke cikinsu, ko sun shirya hakan ne. Ta ce a'a, ita dai tana jiran tulu ne.

An tashi wajen ƙarfe uku. Sakatare ya ce awa huɗu da minti goma, ya duba agogo. Malam Gregory ya tsaya har aka gama rufe kabari, ya taimaka wajen kwashe kujeru. Da muke komawa ya ce jana'iza ta yi kyau ƙwarai, Baba ya cancanta. Sai dai matan, in ji shi, sun makara da shiga.