Askar Mijinyawa

Mijinyawa wanzamin gidanmu ne tun zamanin mahaifina. Duk Juma'a shi ke yi mini aski, kuma ban taɓa tashi daga gabansa ba sai da yanka a ƙeyata. Mutumin da bai iya bin fatar kai ba, shi aka damƙa wa 'yata.

'Yar farina ce, don haka ban taɓa kama sunanta ba. "Waccan" nake cewa, uwarta Turai ma haka. Da ta zo goyon ciki daga Rogo Ruma, yayata Tasalla ce ta tsaya a kanta, tunda kunya ta ɗaure mu. Naƙuda ta yi tsawo, Tasalla ta ce gishiri ne ya tare hanya, aka kira Mijinyawa ya yanka. Jaririn bai zo da rai ba. Ita kuwa ta fi shekara tana yoyon fitsari, tana ɓoye zannuwanta a bayan ɗaki, sai da aka yi mata ɗinki a birni.

Da ta sake samun ciki, mijinta ya kai ta awo Karaye. Ungozomar asibitin, Malama Laure, ta ce sai ta ga uban.

"Malam Sunusi, wurin da aka yanka ya yi tabo, ga ɗinki a kansa. Ko bayanta ne ya motsa, a kawo mini ita, ni zan raka ta Kano. Kada kowa ya taɓa ta."

"Malama, ai wannan maganar mata ce."

"Wancan karon ma wa kuka bar wa?"

Na dawo garinmu Yammedi na faɗa wa Tasalla. Ta ce ta ji, tana taunar goro.

Lokacin cirar gyaɗa ne, waccan ta sake zuwa gidanmu jiran haihuwa. Na dawo gida da hantsi ɗaukar buhuna, sai ga keken Mijinyawa jingine da bango. Yana zaune a zaurena, ya baje zabira, yana wasa aska a tafin hannu.

"Wanzam, yau Juma'a ce?"

"A'a, Hajiya Tasalla ce ta aiko. Aikin cikin gida ne." Ya gwada kaifin a gashin hannunsa. "Wancan karon ban zurfafa ba ne, shi ya sa. Yau za a gama da shi."

Na dube shi. Haƙora jajaye, tsumman goge aska ya yi baƙi ƙirin, ga shi yana magana kamar mai gyaran tayar keke. Na tattara zabirar na wurga waje.

"Bi kayanka. Je ka zurfafa a kan uwarka."

A tsakar gida Turai na daka, ba ta ɗago kai ba. Hatsin ya daɗe da zama gari, tana ta dukansa. Tasalla ta tare ƙofar ɗaki.

"Sunusi, ka haukace? Namiji a ƙofar mai naƙuda? Kuma 'yar fari? Ina kunyarka?"

"Tun yaushe ta fara, Yaya?"

"Tun asuba. Ko uffan ba ta ce ba, 'yar halak. Mu nan muka haifi namu, wace malama ce ta raka mu Kano?"

Na leƙa ta saman kafaɗarta. Waccan na durƙushe, ta cusa bakin zane a baki.

"Ke, fito."

Ba ta motsa ba. Mata uku ne a ɗakin, kowacce "ke" ce.

"Lauratu!"

Taɓarya ta tsaya. Tasalla ta dafe ƙirji tana salati.

"Lauratu, babanki ne ke kira. Tashi mu tafi."

Ta ɗago ta dube ni, ta dafa bango, ta miƙe. Turai ta yar da taɓarya ta zo ta kama ta, a gaban kowa.

Maƙwabcina Mahmudu na lodin gyaɗa a a-kori-kurarsa, na sa ya sauke. A Karaye Malama Laure ta duba ta, ta wanke ni tas a kan zaman tun asuba, sannan ta ɗauki jakarta ta shiga motar. Hannun Lauratu na cikin nata har Kano. A can aka yi mata aiki, aka ciro mace, da ranta.

Ranar suna Mijinyawa ya dawo, ko kunya babu, wai ya zo askin jaririya, ya kuma duba ko tana da tsiron angurya a gabanta a cire.

"Uwar ba ta ishe ka ba?"

Ya ja kekensa yana ƙunƙuni. Da almakashi Turai ta rage wa jaririyar gashi.

Har yanzu Tasalla ba ta amsa gaisuwata. A bakin masallaci ana raɗa cewa Sunusi ya kama sunan 'yar fari, mata na ji. Su yi ta yi. Aski kuma kasuwar Karaye nake zuwa, in ban samu zuwa ba in ja hula.