Wasulan Malam Audi

"Ta kafaɗa za ka kama shi," in ji Goggo Adama. "Ba buhun auduga ba ne."

Sha'ibu ya ɗaga tsohon ta kafaɗa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Malam Audi a Faskari, amma tun da ya bar makaranta bai sake taka zauren nan ba. Yau ma matarsa Mairo ce ta tilasta shi, don Malam na kwance ba lafiya, ba shi da ɗa, ƙanwarsa Goggo Adama kuma ba ta iya juya shi ita kaɗai.

Malam Audi ne ya koya musu Turanci. Wasali biyu su haɗu su fitar da murya ɗaya, abin da ya gagari Sha'ibu ke nan. Da ƙyar ya iya e da a na cikin meat, sai aka rubuta bread a allo, ya ce "birid". Marin da Malam ya yi masa ranar ya kashe masa kunnen hagu. Daga nan darasi ya riƙa wuce shi. 'Yan ajinsu suka zama malaman gona a Daudawa, shi ya koma ga fartanya.

Tsohon ya buɗe ido.

"Wane ne?"

"Sha'ibu ne, Malam."

"Daƙiƙin nan?"

"Shi."

"B, r, e, a, d. Mi na ce?"

"Haba Malam, salati za ka yi," in ji Goggo.

"Yi mani shiru. Kai, karanta!"

Sha'ibu ya san amsar, ya daɗe da saninta. Ya sunkuya har yana jin warin jiƙon da ke bakin tsohon.

"Birid," ya ce.

Hannun Malam Audi ya tashi daga tabarma zai kai mari, ya kai rabin hanya, ya faɗi.

"Har yanzu," in ji shi, ya juya fuska bango.

Goggo ta bi Sha'ibu har zaure. "Na ga idonka, da gangan ka yi. Mi zai rage ka?"

"Yi magana ta dama, Goggo. Wannan kunnen ba ya ji."

Kafin la'asar Malam ya cika. Sha'ibu ya kama makara ta baya, ya zuba ƙasa kamar kowa, ya ƙi zama wurin gaisuwa.

Bayan sadakar uku Mairo ta aike shi gidan Malam karɓo tukunyarta. A tsakar gida ya tarar da ɗan baƙin allon Malam, an toshe bakin akurki da shi, an danne da dutse. Kaji na ta motsi a bayansa.