Wankin Hoton Mama

Tun da yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, Mama ta sa wa ɗakinsa na wanke hoto kahon zuƙa. Ta ce mutumin da ya zuba gishiri a shayi a maimakon sukari ba shi da haɗi da ruwan magani, gara a kwashe tarkacen ta samu wurin jibge buhunanta. Ni ce auta, kuma bayan Mama nake, don tsoro nake kada ya ji wa kansa ciwo.

Baba bai yi gardama ba. Ya ce fim ɗaya ya rage a kyamara, a bari ya wanke, in ya lalace a miƙa wa Mama makulli.

Na bi shi ciki da sunan taimako. Yana kashe fitila na gane kurena. Fim ba ya son haske ko na ƙyallin ashana, a duhu ƙirin ake zare shi a naɗa. Na lalubi almakashi na ture shi ƙasa, na juya na buge gwiwa da benci.

"Auta, tsaya wuri guda kada ki rushe min ɗaki," in ji Baba. Na ji ya duƙa ya ɗauko almakashin kamar shi ya ajiye shi a can. Daga nan sai ƙarar fim yana hawa kan abin naɗi, har ya sa a gwangwani ya danna murfi. "Kunna fitila, makauniya."

Ya zuba ruwan magani, yana juya gwangwanin a hankali yana ɗan ƙwanƙwasa gindinsa a tebur. Ya tsiyaye, ya sake zuba wani, ya ɗauraye, ya shanya a igiya. Rabona da in ga fuskarsa a sake haka har na manta, sai na ji daɗi ya cika ni.

Da fim ya bushe muka kunna jar fitila don fitar da hoto a takarda. A nan ya tsaya. "To, nan kam hannu ba ya gani. Ke za ki duba min."

Na daidaita masa injin haska hoto, ya haska, ya tsoma takardar a farantin ruwan magani. Sannu a hankali fuska ta taso. Mama ce, wadda duk rayuwarta in ta ga kyamara sai ta rufe fuska da mayafi. Ga ta zaune a kujerarta, kofi a hannu, tana dariya har da hawaye, komai ya fito tar.

"Baba, ai ranar gishirin nan ce."

"Na san nisan kujerarta da tawa, tun da safe na saita kyamara a ƙarƙashin riga. Dariyar ce kawai sai da na nemo dalilinta, shi ya sa na zuba gishirin."

Na kai wa Mama hoton da ɗanshinsa. Ta riƙe shi a gefe-gefe, ta daɗe tana kallo. Baba yana bakin ƙofa da makulli a hannu, yana jira.

"Ɗankwalina ya karkace," ta ce, tana share ido da bayan hannu. "Mayar da makullinka aljihu, Malam. Sai ka sake min wani."