Hawaye a Goshin Baba

Yadda kakarmu ta ba mu tatsuniyar masunci, ruwa ya ci shi, shi ke nan. 'Yarsa ta yi ta kuka a bakin kogi har ta rikiɗe ta zama tsuntsuwa. Mu ma mu yi kukanmu, mu share majina, mu yi barci. Amma masu katun, Allah ya shirye su, da suka ɗauko labarin sai suka ga sun fi kowa tausayi. A nasu, yarinya ta ɗiga hawaye a goshin uban, ya yi atishawa ya miƙe, kifaye na ta rawa.

'Yar ƙanena, wadda muke kira Aku saboda surutu, ta kalli katun ɗin nan a wayar ubanta har ta haddace. Ko makaranta ba ta fara ba. Na taɓa ba ta na asali, ta murguɗa baki ta ce, "Goggo, ke ba ki iya ba."

To, yau kwana da kwanaki ubanta na kwance a asibiti tun da mota ta buge shi, roba a hanci, na'ura na ƙara a gefen gado. Da safe likita ya ja ni baranda ya ce sai dai addu'a. Uwar Aku ta kasa ko tsayuwa, don haka ni na shiga da yarinyar ta gan shi.

Sai ta jawo kujera ta hau, ta sunkuya a kansa tana matse ido.

Na ce, "Aku, me kike yi?"

"Yi shiru, Goggo, tashinsa zan yi."

Hawaye ya ƙi zuwa. Ta gantsara wa hannunta cizo, wallahi har da shatin haƙori. Da hawayen ya zubo, ta saita fuskarta ya ɗiga a goshinsa, ta ja baya tana jira, har da ɗan murmushi. Ƙanena ko motsi bai yi ba. Ta sake, ta kuma sakewa.

Hankalina ya tashi, na rasa inda zan sa kaina. Na riƙo ta na ce, "'Yata, wancan fa zane ne, mutane ne suka zana. Ba laifinki ba ne, kin ji?"

Nas ta leƙo ta ce lokacin dubiya ya ƙare. Aku ta ƙanƙame ƙarfen gado, ta kamo hannuna ta ɗora a kumatunta.

"Goggo, nawa ne bai isa ba. Don Allah ki mare ni da ƙarfi."