Wata a Burjin Kifi

"Ba mai taɓa ƙafar nan yau," in ji Baba, ya ja bargon asibiti ya rufe ta har gwiwa.

Babbar 'yarsa ta tsaya a bakin gado tana haki. Tana tsakiyar koyar da tarihi a jami'a ƙaninta ya kira ta, ta suri jaka ta fito. Ciwon suga ya ci yatsun ƙafar Baba, likita ya ce in ba a yanke su yau ba, gobe maganar ta wuce yatsu.

"Baba, don Allah, me ya faru?"

"Ke kika faɗa da bakinki. Kin ce masana na da ba sa sa wuƙa a ƙafa in wata yana cikin rukunin taurarin da ake kira burjin Kifi. Na sa wannan ya duba mini a waya, yana can ciki."

Ƙanin ya sunkuyar da kai.

Ta ji kamar ta ɗora hannu a ka. Ta daɗe tana binciken yadda masana taurari na da suke aiki, har ta sa maƙeri ya ƙera mata irin faifan tagullar da suke auna tsayin rana da shi, don ɗalibai su gwada da hannunsu. Ranar da ta kai faifan gida ta yi ta zuba bayani, Baba yana gyangyaɗi a kujera. Ashe kunnensa biyu.

"Tarihi ne, Baba! Abin da suka ɗauka ne a zamaninsu. Ina ruwan wata da ƙafarka?"

"To, in shirme ne, me ya sa gwamnati take biyan ki a kansa?"

Ta yi bayani, ta yi lallashi, ta ɗaga murya har nas ta leƙo. Likita ya zo, ya dubi agogo, ya ce ɗakin tiyata ba zai jira ba. Baba ya juya wa kowa ƙeya.

Ta dubi jakarta. Can ta zuge jakar, ta zaro faifan, ta nufi taga. Ta rataye shi a yatsa, ta daidaita shi da rana, ta jujjuya shi tana motsa baki kamar mai lissafi. Ta san sarai inda wata yake, kuma wayar ba ta yi kuskure ba.

"Wa ya ce ku dogara da waya? Ai tun da safe ya bar Kifi. Ba ranar da ta fi yau kyau."

Baba ya ƙura mata ido, ya yaye bargon a hankali.

"Da ma hankalina bai kwanta da wayar yaron nan ba. Kira mini likitan."

Da aka tura gadonsa aka fita, ta jingina da bango. Sai ta ji an taɓa mata hannu. Wata dattijuwa ce mai jinyar mijinta a gado na gaba.

"'Yata, maigidana aikin ciki za a yi masa jibi. Ki taimaka ki duba mana."

Ta buɗe baki za ta ce ita malamar tarihi ce kawai, amma tsohuwar ta riga ta share mata kujera, masu jinya na can ƙarshen ɗakin kuma sun fara tasowa.